Na Gode wa Allah, Na Gode wa Yaran Filinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi bisa kowane hali. Jiya likita ya ɗaga hoton ƙafar nan ya duba, ya ce ƙashi ya kama, ƙarfen da suka sa ya zauna inda ake so, daga yau sanda ɗaya ta ishe ni. Na daɗe ina son rubuta wannan saƙo, kasala da magunguna suka hana. Ko yanzu a kishingiɗe nake dannawa, in na gaji in ajiye wayar in huta. Abin da ya faru kun sani, kun bi ni tun daga ranar da aka kwashe ni a titi da karayar ƙafa har shiga tiyata ta biyu, don haka ba zan sake tono shi ba. Godiya kawai na zo yi.

Likitoci da ma'aikatan jinya, da masu gashin ƙashi da suka yi ta lallaɓa gwiwar nan har ta yarda ta lanƙwasa, Allah ya saka muku da alheri. Liman da jama'ar masallacinmu, da abokan sana'ata na Kantin Kwari da suka riƙe mini shago ba tare da ƙwandala ta yi ciwon kai ba, Allah ya bar zumunci. Maiɗakina kuwa, wadda ta yi ta kwana a kan tabarma a barandar asibiti cikin sanyin hunturu, bakina ba zai iya ba. Allah kaɗai zai biya ta.

Amma akwai mutanen da ban taɓa sa su a lissafin masu jinyata ba, su ne yaran ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Ni ba kowa ba ne a kulob ɗin. Ɗan kallo ne kawai, wanda yakan sayi jakar ruwan leda ranar wasa in Allah ya hore. A daren da aka ce jinina ya yi ƙasa, ana neman ƙari da gaggawa, kuma irin nawa babu shi a ajiye, labari ya isa wurin Koci ta bakin mai shayin layinmu. Ba a jima da idar da isha'i ba sai ga Adaidaita Sahu cike da samari a ƙofar asibiti, wasu da jesi a jikinsu, ƙura har gwiwa. Aka mayar da waɗanda ba su kai shekara 18 ba, aka gwada sauran, jinin golanmu da na wani ɗan baya suka dace. Ni ban gani ba, ba na cikin hayyacina, maiɗakina ce ta ba ni labari daga baya tana kuka. Golan ya roƙe ni kada in faɗa. Ɗana, ka yi haƙuri, na faɗa. Jininka yana jikina, ba zan iya yin shiru ba.

Da aka sallamo ni sai wata jarrabawar ta fara, wadda ba a cika ba da labarinta ba, wato kwanciya. 'Yan dubiya sukan yi yawa da farko, daga nan kowa ya koma neman abincinsa, haka rayuwa take. Sai a bar ka kai da silin. Gidana ba shi da nisa da fili. Da an yi la'asar ina jin usur, ina jin ihu ya tashi, amma ban san a ragar wa aka zura ba. Wallahi a wasu ranakun wannan ya fi ciwon cinyar cin raina, domin shekara da shekaru a bakin filin nan nake yin yammacina. Na gwada kallon na Turai a waya, bai shige ni ba. Ban san uban kowa a can ba. A nan kuwa mai lamba 9 ɗan telan layinmu ne, na ci goron sunansa. Ɗan tsakiyarmu yaron gareji ne, yakan iso fili da baƙin mai a farcensa. Golan da ya ba ni jini gyaran waya yake yi a Farm Centre, sai ya roƙi ubangidansa kafin ya fito. Babu mai albashi a cikinsu. Kuɗin rafali ma karo-karo suke yi, haka kuɗin mota in wasan na waje ne.

Koci ne ya lura. Ya zo dubiya wata rana ana cikin atisaye, ya ga yadda nake kasa kunne wajen taga, bai ce komai ba. Washegari sai ga shi da murfin kwali, ya zana teburin gasar unguwanni da biro, ya jingine shi a bango inda idona zai kai. Duk bayan wasa sai ya aiko a goge a gyara maki. Sannan ya ɗauki wayarsa ya damƙa wa wani ƙaramin yaro, wanda aikinsa ɗauko ƙwallo in ta haura katangar maƙwabta, ya ce masa duk ranar wasa ya kira Baba ya riƙa faɗa masa abin da ake ciki.

A kan yaron nan nake so in tsaya. Bai wuce shekara goma sha biyu ba, maraya ne, a wurin kakarsa yake. Ba ya iya sharhi irin na 'yan rediyo, abin da idonsa ya gani kawai yake faɗa. “Baba, kana ji? An ba mu kwana. Baba, ta bugi ƙarfe! Baba, wallahi satar gida ce, rafali bai gani ba!” Wani lokaci ya manta da ni gaba ɗaya, ya ruga da wayar a hannu, sai in ji iska da takun ƙafafu da muryar mai gyaɗa. Ban taɓa katse shi ba. Ko wannan hayaniyar magani ce a gare ni.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe an tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun fenariti. A lokacin ba a daɗe da cire mini zare ba, maiɗakina ta kafa mini doka ban da ihu, ban da yunƙurin tashi, ta zauna a bakin gado tana gadina. Yaron yana ƙirga mini. Mun ci, sun ci. Mun ci, sun ci. Ya ce, “Baba, ga kyaftin nan zai buga,” sai ɗif. Kati ya ƙare. Na kira, ba ta shiga, ashe cajin ma ya mutu. Can sai na ji ihu ya tashi daga fili, mai ƙarfi, ya daɗe bai sauka ba, ni kuma ban san na waye ba. Ina riƙe da bakin katifa, zuciyata tana bugawa har ina jin ta a wurin ɗinkin.

Ba a daɗe ba aka yi sallama a zaure, murya tana rawa. Shi ne. Da gudu ya zo, silifa ɗaya a ƙafa, ɗayan ya faɗi a hanya bai tsaya ɗauka ba. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki yana haki, ya ce, “Baba, ina wuni? Ya jiki?” Na ce da sauƙi, me aka yi? Ya sunkuyar da kai ya ce, “Koci ya ce kada in faɗa maka lokaci ɗaya saboda jikinka. Baba, ka sha ruwa tukuna.” Ya tashi da kansa ya ɗauko kofi ya miƙo mini da hannu biyu, sai da ya ga na kurɓa sannan ya ce an fitar da mu, hawaye suka zubo masa. Yaron da aka cinye ƙungiyarsa, ransa a ɓace, amma damuwarsa kada wani dattijo da ke kwance ya ji labari daga ihun abokan hamayya. Jama'a, na sha allurai, na shiga ɗakin tiyata na fito ban zubar da hawaye ba, ranar na zubar.

Bayan magariba sai ga su duka, ko wanka ba su yi ba, suka cika zauren. Kyaftin da ya zubar da bugun ya rakuɓe a lungu ya ƙi ɗaga ido. Aka taimaka mini na fito, aka jingine ni da bango. Ba ni da abin ba su sai labari. Na ce musu ni na san Kano Pillars tun kafa ta a 1990. Na ga kofunan 2008 da 2012 da 2013 da 2014, na ga 2009 da muka fitar da Al Ahly ta Masar muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Kuma da idon nan na ga Sai Masu Gida, wato Pillars, ta faɗa ajin 'yan dagaji na NNL, gasar da ke ƙarƙashin Firimiya, a 2022, muka yi kwanan baƙin ciki, Allah ya dawo da ita a 2023. Na tuna musu El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana wannan ajin na ƙasa ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2024. Na juya wurin kyaftin na ce masa Ahmed Musa, wanda ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, a filayen ƙura na Jos ya fara, sai da ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka guda sannan wani kulob na Holan ya kira shi. Ban sani ba ko maganar ta shige shi a daren, amma ya ɗago ya karɓi shayi.

Tun daga nan na shiga bin ƙananan gasa fiye da yadda na taɓa yi ina da lafiya. Da can Firimiyar Najeriya mai ƙungiyoyi 20 kawai nake kulawa da ita. A kwance na koyi bin NNL, da NLO da ke ƙarƙashinta, da wasannin Kofin Ƙalubale na matakin jiha, inda ƙaramin kulob kan samu damar karawa da babba. Rediyo a kunne da safe, sakamako a Facebook da daddare, sauran kuma daga bakin yaran. Su ne suke kawo mini labarin Barau FC, wadda ta hau Firimiya a 2025 har Kano ta zama mai ƙungiya biyu a sama, suna musu a gabana kan wanda zai fara samun kira gwaji a cikinsu. Su ne suka yi ta lissafin kuɗin motar zuwa kallon Kofin Ramat, wanda YSFON, ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, ta saba shiryawa a nan Kano domin tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Mai gashin ƙashi ma ya gane lagona. In na ce na gaji, sai ya tambaye ni yaushe ne wasa na gaba, sai in ƙara taku.

Akwai waɗanda muka haɗa kaka da su, nisan gidansu bai kai daga nan zuwa filin Mahaha ba, lambobinsu maiɗakina ta fara kira a daren jinin nan. Har yau ban ga ƙeyarsu ba, sai “Allah ya ƙara sauƙi” a zauren WhatsApp na dangi. Ba komai. Kowa da uzurinsa, na kuma yafe. Ƙofata a buɗe take.

Ya Allah, yaran nan da suka ba ni jininsu, ka ba su lafiyar da ba ta yankewa, ka tsare ƙafafunsu daga karaya da targaɗe, ka buɗa musu ƙofofin arziki na halal ta ƙwallo ko ta sana'o'insu. Ya Allah, Koci da yake tara 'ya'yan mutane yana raba su da shaye-shaye da zaman banza ba tare da ana biyansa ko sisi ba, ka biya shi da gidan Aljanna, ka shirya masa nasa 'ya'yan. Ya Allah, marayan nan ka zama gatansa, ka jiƙan iyayensa, ka ba kakarsa tsawon rai, ka ba shi ilimi mai amfani, ka haɗa shi da masu tausaya masa duk inda ya shiga. Mai shayin da ya kai labari, Allah ya sa albarka a tukunyarsa. Waɗanda suka yi mini addu'a a ɓoye ban san su ba, Allah ya san ku, ya biya muku bukatunku. Waɗanda na baro a gadajen asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsu. Waɗanda muka kwanta tare suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta musu, ya sa ciwon ya zama kaffara. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu tambayar me za su kawo mini, don Allah a bar lemo da madara haka, an gode. Filinmu ba shi da akwatin agajin gaggawa. In yaro ya faɗi, ruwan leda ake tsiyaya masa a ɗauke shi a kafaɗa, ni kuma yanzu na san abin da ɗaukar mai karaya ba daidai ba ke jawowa. Duk mai niyya ya haɗa hannu da Koci a sayi bandeji da magungunan wanke ciwo da abin ɗaukar wanda ya ji rauni. Mai lafiya kuma ya daure ya je a gwada jininsa ya san rukuninsa tun kafin a neme shi da tsakar dare.

Likita ya amince in fita ranar Asabar, da sharaɗin a zaune zan yi kallo. Akwai wasan sada zumunta bayan la'asar, yaran sun ce za su zo da Adaidaita su ɗauke ni. Wanda ban samu amsa kiransa ba a kwanakin nan, ya same ni a can mu gaisa.

Wassalamu alaikum.