Kwana 10 a mota da yara uku: tafiyarmu zuwa Yellowstone

Tun watan Janairu na fara maganar, lokacin ƙanƙara ta rufe mu a Minesota yara sun gaji da zaman gida ni ma na gaji, na ce ma Abbansu wlh dogon hutun bazarar nan ba a falo za mu yi shi ba, mu ɗauki mota mu je mu ga gandun dajin nan na Amurka da ake ta ba da labari. Ya ce to ki tsara, ni nawa tuƙi. Na zauna da taswira a waya na jera wurare har shida, Badlands da Wind Cave a Dakota ta Kudu, Yellowstone da Grand Teton a Wayomin, Glacier can saman Montana dab da iyakar Kanada, sai mu biyo ta Theodore Roosevelt a Dakota ta Arewa mu dawo gida. Duka a kwana 10. A kan taswira abin ya yi kyau sosai, kamar zobe.

Da na nuna mai sai ya ɗauko biro ya hau tara awannin tuƙi. Daga Yellowstone zuwa Glacier kaɗai kusan yini guda ne a hanya, kuma a shekarar sai ka nemi izinin mota tun da wuri kafin a bar ka ka hau babbar hanyar cikin dajin Glacier da rana. Ya ce Ummansu, in muka bi wannan tsarin ba abin da yaran nan za su gani sai bayan kujerarmu. Raina bai so ba gaskiya don na riga na sa rai, amma na soke uku na bar Badlands da Yellowstone da Grand Teton, kuma yanzu da muka je muka dawo ina ganin ko ukun ma sai da muka yi ta gaggawa a wasu wuraren.

Abu ɗaya da na yi daidai shine maganar kuɗin shiga. Lokacin da muka je dala 35 ne kowace mota a Yellowstone na kwana 7, haka ma Grand Teton, ko ka yanki katin shekara na dala 80 da ke shigar da kai ko'ina. Mu ko sisi ba mu biya ba, saboda ta tsakiyar tamu tana aji 4 a firamare, kuma gwamnati na da wani shiri Every Kid Outdoors da ke ba ɗan aji 4 katin shiga kyauta shi da duk wanda ke cikin motarsu, daga 1 ga Satumba har 31 ga Agusta. Sai dai dole a buga takardar a firinta a riƙe ta a hannu, ba sa karɓa a waya. Yarinyar nan duk ƙofar da muka isa ita ke miƙa katin ta taga tana washe baki, wai ita ta kawo mu.

Inda na yi sake kuma shine wurin kwana. Na ɗauka in na fara nema a watan Afrilu ai na yi sammako, ashe masaukan da ke cikin Yellowstone tun sama da shekara guda kafin lokacin ake buɗe kama ɗaki, kuma na watan Yuli su ke fara ƙarewa. Ban samu komai a ciki ba. Darenmu biyu na farko a yankin Yellowstone sai a garin Cody na kama mana otal, ta ƙofar gabas, na ga mil 50 da ɗan wani abu ne zuwa ƙofar na ce ai ba nisa. Ban lura ba ƙofar kanta tana da nisa da wuraren da ake zuwa gani. Zan dawo kan wannan.

Mun tashi bayan asuba ranar Asabar, awa 8 da ƴan kai muka yi kan babbar hanyar I-90 kafin Badlands, a tsakiyar Dakota ta Kudu agogo ya koma baya da awa ɗaya, yaran suka yi ta mamaki wai mun samu ƙarin awa kyauta. Badlands wuri ne na tsaunukan yumɓu masu layi layi, ja da fari da ruwan ƙasa, ba bishiya ba inuwa, zafin rana kuwa ba a magana. Da yamma muka zagaya shi da rana ta yi sanyi, muka tsaya inda wasu ƴan dabbobi masu kama da kurege suka haƙa ramuka fili guda suna leƙowa suna ihu, auta ya ƙi yarda mu tafi. Kwana ɗaya ya ishe mu a nan. Washegari muka haye duwatsun Bighorn, hawa da gangara masu lanƙwasa, a nan ne na ga amfanin kai mota gareji da muka yi kafin tafiya aka duba birki da tayoyi da ruwan lagireto, kuma a gangaren Abbansu ƙaramar giya ya sa ya bar injin na riƙe motar don kar birki ya ɗau zafi.

To Yellowstone. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko, tun 1872 shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar kafa shi, kuma girmansa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, mafi yawa a Wayomin sai ɗan gefe a Montana da Aidaho. Wannan adadin na karanta shi tun a gida amma bai shiga kaina ba sai ranar farko da muka bar otal ƙarfe 8, muka yi layi a ƙofa, muka shiga, ga dokar gudu ba a wuce mil 45 a awa wani wurin ma ƙasa da haka, ga hanya siririya, muna cikin tafiya sai ga gosulo ya tsaya cak wai garken ɓauna ne ke tsallaka titi kuma ba mai ikon yi musu hon, ba mu isa maɓuɓɓugar ruwan zafin da ake kira Old Faithful ba sai wajen sha biyu, muka ƙara kusan rabin awa muna neman fakin. Yara sun galabaita, auta na kuka, ni kuma ina ta lissafin cewa duk wannan hanyar za mu sake bi da yamma. Ranar awa 6 muka yi a mota a cikin wurin da muka zo hutawa. Hanyar cikin dajin kamar lamba 8 take, zagayenta mil 142, in ka ga waya ta ce awa ɗaya to ka sa awa biyu a ranka.

Amma da ruwan ya tashi kowa ya yi tsit. Old Faithful maɓuɓɓugar ruwan zafi ce da ke feso ruwa sama kamar kowane minti 90, tsayin feshin yakan wuce mita 30, kuma ma'aikatan na rubuta lokacin da suke sa ran tashi na gaba a ofishin baƙi, da wuya su kuskure da fiye da minti 10. Babban namu mai shekara 13 shi ya karanta mana bayanin a allo, cewa dajin gaba ɗaya a kan dutse mai aman wuta yake zaune, wanda ya yi babbar fashewa sama da shekara 600,000 da suka wuce, zafin da ke ƙasa shi ke dafa ruwan sama da na ƙanƙara da suka nutse, in tururi ya taru a ƙuntataccen rami sai ya tunkuɗo ruwan waje. Wajen rabin irin waɗannan maɓuɓɓugan na duniya a nan suke. Na tsaya ina ta subhanallah, don hoto bai taɓa nuna min ƙarar ba, da warin nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi ko'ina.

A wuraren ruwan zafin nan ban saki hannun auta ba ko na minti ɗaya. An shimfiɗa hanyar katako da ake bi, wasu wuraren ba shinge a gefe, ƙasar da ke kusa kuma ɓawo ne siriri ruwa na tafasa a ƙarƙashi, mutum sama da 20 sun rasu a tarihin dajin sanadin ƙuna. Tun a mota na ja musu kunne, ba gudu ba ture-ture, hula in iska ta ɗauke ta to ta tafi kenan.

Dare na uku muka koma garin West Yellowstone da ke manne da ƙofar yamma, daga nan ne tafiyar ta gyaru. Muka canza tsari gaba ɗaya. A watan Yuli asuba a can wajen ƙarfe 4 take yi magariba kuma sai bayan 9, to da mun yi sallah ba ma komawa barci, mu kwashi yara da bargunansu mu zuba a mota su ƙarasa barcin a hanya. Kafin 6 muna ciki, ba layi ba gosulo, fakin duk inda ka ga dama. Da rana ta take mutane sun cika sai mu nemi wurin cin abinci mai tebura a bakin rafi mu buɗe kula, mu yi azahar da la'asar a haɗe tun da matafiya ne, yara su yi wasa da duwatsu awa biyu ba mai ce musu ku taso. Wuri ɗaya ne sammako bai yi mana amfani ba, Grand Prismatic, wannan babban tafkin mai launin shuɗi da kore da ruwan lemo, da safe tururi ya rufe shi ruf ba mu ga komai ba, sai da muka koma da rana muka hau tudun da ke hanyar Fairy Falls sannan muka gan shi sosai. Launukan gefen nan ƙananan halittu ne da ke rayuwa cikin zafi, kowane launi da irin zafin da yake jurewa.

Ranar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta kwarin Lamar. Nisa ne sosai daga inda muke, tun duhu muka kama hanya, muka tarar da mutane jere a gefen titi da manyan madubin hangen nesa sun yi shiru cikin sanyi. Wata dattijuwa ta ga yaran ta yafito su ta ce su zo su duba, kyarkeci ne guda biyu can nesa a gindin tudu. An taɓa ƙarar da su a dajin gaba ɗaya, sai a 1995 aka kawo wasu daga Kanada aka sake. Da ido ba za ka ga komai ba sai ɗigo, shi ya sa na yi da na sanin rashin sayen madubi ko ƙarami ne. Awa uku muka yi a wurin ba mu je ko'ina ba, ɓauna ɗaruruwa na kiwo da ƴaƴansu jajaye, kuma yau in ka tambayi yaran me suka gani a tafiyar, wannan safiyar suke fara faɗa.

Dokar dabbobi a bayyane take, yadi 25 tsakaninka da ɓauna da manyan barewar nan da suke kira elk, yadi 100 tsakaninka da kyarkeci da beya, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata da suke kira bear. Na ga masu karya ta da idona don ɗaukar hoto kuma abin ya ɓata min rai, musamman wanda ya ɗora yaro a kafaɗa ya matsa. Ɓaunan nan ka gan shi kamar ba ya iya motsi, amma namijin na kai kilo 900 kuma yana gudun mil 35 a awa, ya fi kowace dabba raunata mutane a Yellowstone. Mun sayi maganin fesa ma beya a garin, gwangwani ɗaya, Abbansu ya rataya a ɗamara ba a cikin jaka ba kamar yadda ma'aikacin ya nuna mana. Alhamdulillah ba mu buɗe shi ba.

Sabis na waya babu a yawancin dajin, wannan kam na shirya mai, na sauke taswira da manhajar hukumar gandun daji a waya tun a gida, kuma taswirar takarda da suke bayarwa a ƙofa ita muka fi amfani da ita. Mai kuma da tanki ya kai rabi muke cikawa.

Grand Teton na kudu da Yellowstone kaɗan, a nan muka kwana biyu a tanti a Colter Bay bakin tafkin Jackson, shi na samu don ana buɗe kama fili wata 6 kafin lokaci a shafin intanet na Recreation.gov kuma na dace wani ya fasa. Kowane fili da akwatin ƙarfe, duk abin da ke da ƙamshi a ciki yake kwana, abinci da tukunya da sabulu har man goge baki, saboda beya. Sanyin dare ne ya ba mu mamaki, Yuli ne fa amma wurin ya haura mita 2,000 a sama, cikin dare ta tsakiyar ta tashe ni tana rawar sanyi tana Umma ƙafata, na cire rigar sanyina na naɗe mata ƙafafun, da safe muka shiga gari muka ƙaro bargo biyu. Mun hau kwale-kwalen da ke tsallaka tafkin Jenny muka taka zuwa wurin da ruwa ke zubowa daga dutse da ake kira Hidden Falls, tafiya ce da ko auta mai shekara 5 ya iya da ƙafarsa, ga dutsen Grand Teton a samanmu mai tsayin kusan mita 4,200 da sauran ƙanƙara a kansa. A nan suka ƙarasa cike wani ɗan littafin tambayoyi na yara da ake karɓa a ofishin baƙi, ma'aikaciyar ta duba shafi shafi ta yi musu tambayoyi da gaske, ta sa suka ɗaga hannu suka yi alkawarin kula da daji sannan ta ba kowa bajo.

Dawowa kwana biyu muka yi a hanya muna karɓa-karɓar tuƙi ni da Abbansu, kuma na gode Allah da ya nace mu iso ranar Litinin ya ɗauki hutun Talata, don wanki kaɗai ya cinye yinin. Glacier da na soke tana nan, ita kaɗai za mu je in Allah ya kai mu, kwana biyar a wuri ɗaya, kuma ranar da aka buɗe kama ɗaki ina zaune gaban kwamfuta tun kafin lokacin ya cika.