Babin da aka sa na cire

Ga 'yan digiri na biyu da ke biye da mu a sashen tarihi, ga abin da na kwasa kafin in tafi.

Kundina a kan cinikin Luwiziyana ne, yankin da Amurka ta saya daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, wanda ya kusan ninka girman ƙasar. Kun san yadda ake koyar da shi. Shugaban Amurka Thomas Jefferson, mai cewa kada gwamnatin tarayya ta ƙetare abin da tsarin mulki ya rubuta, ya yi tunanin a gyara tsarin mulkin kafin a karɓi yankin. Da ya ji tsoron kada Napoleon, mai mulkin Faransa, ya janye, sai ya haƙura da gyaran, ya miƙa yarjejeniyar ga majalisar dattawa, ta amince da ƙuri'a 24, bakwai suka ƙi. Ikon shugaban ƙasa ya ƙaru a hannun mutumin da ya fi kowa ƙyamar ƙaruwarsa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne dalilin sayarwar. Wakilan Amurka, Livingston da Monroe, birnin New Orleans suka je nema, sai aka tallata musu yankin gaba ɗaya. Na rubuta babi guda a kan Haiti, da ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa a lokacin, inda bayi suka tayar da bore tun 1791. Su da zazzaɓin shawara suka cinye rundunar Janar Leclerc, mijin ƙanwar Napoleon, shi kansa ya mutu a can a 1802. Luwiziyana da ma rumbu ce da za ta ciyar da gonakin raken tsibirin. Tsibiri ya kuɓuce, ga yaƙi da Ingila na ƙaratowa, rumbu na me?

Malamin da ke duba aikina ya ja jan biro a kan babin tun daga farko har ƙarshe. Ya ce tarihin shugabannin Amurka nake rubutawa, ba na bayi ba, kuma ba zai sa hannu ba sai na cire. Na cire. Ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje ya tambayi me ya sa aikin ya yi shiru a kan dalilin Napoleon. Na amsa da baki, amma ba ya cikin takarda, makin ya sauka. Malamina yana zaune bai ce uffan ba. Umarninsa na iya yafewa, shirun nan ne har yau yake ci mini rai.

Don haka duk gyaran da babba ya ba ku, ku roƙa a rubuce, cikin ladabi, ku adana. Kada ku goge abin da aka sa kuka cire. Wasiƙun Jefferson ku karanta su da kanku, kada ku tsaya ga masu sharhi.

Babin yana nan, na faɗaɗa shi, kuma da sunana ni kaɗai zan aika wa mujalla.