Inda ƙarfin lebura da ɗan dako yake tsayawa

Ranar zuba kankaren dakin, wato rufin siminti na bene, ba a son a tsaya. Idan wani ɓangare ya fara kamawa kafin a haɗa shi da na kusa da shi, aikin ya sami rauni, shi ya sa leburori ke jeruwa tun da safe, kwano a ka, ana hawa ana sauka a kan katako har sai an rufe. Akasari jinga ake yi: ku gama, ku karɓi kuɗinku. A irin wannan rana ake ganin abin da aikin kula da lafiyar masu aikin ƙarfi ke koyarwa tun farko, wato ƙarfin mutum iri biyu ne. Akwai abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya ana kallo ana yaba masa, akwai kuma abin da zai iya maimaitawa awa takwas ya tashi gobe lafiya. Na biyun bai fi kashi ɗaya cikin uku na iyakar abin da zuciya da huhunsa za su iya ba. Wanda ya wuce wannan bashi yake ci, kuma baya da ƙoda ne ke biya.

Ana iya gane an wuce ba tare da wata na'ura ba. Mutumin da ba ya iya haɗa magana cikakkiya yana aiki, sai dai kalma biyu ya ja numfashi, ya riga ya haura. Hanya ta biyu ita ce bugun jini a wuyan hannu: da zarar ya ajiye kwano ya zauna, a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Idan ya wuce 110 a minti ɗaya, zangon aikinsa na gaba a rage shi da kashi ɗaya cikin uku. Wannan gwaji bai fi minti ɗaya ba, amma da wuya ka ga wurin ginin da ake yin sa.

Maganar baya lissafi ce zalla. Tsokokin da ke riƙe ƙashin baya suna manne da shi, tazararsu da gaɓar da ake lanƙwasawa ba ta wuce santimita 5 ba. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan mutum ya sunkuya ya ɗauke shi yana nesa da ƙashin bayansa da santimita 40, sai tsokokin sun ja da ƙarfin da ya ninka nauyin buhun sau takwas, wato kilo 400, ban da nauyin ƙirji da kai da hannaye da su ma suke rataye a gaba. Duk wannan matsi a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya yake sauka. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar matsin da take ganin ba shi da haɗari a kusan kilo 350, kuma daga nan ta fitar da kilo 23 a matsayin nauyin ɗagawa, shi ma idan kayan suna daf da jiki, a tsayin ƙugu, ba a murɗa jiki ba, ba a kuma yawan maimaitawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi ke ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. A kasuwar hatsi irin ta Dawanau kuwa buhun kilo 100 ake saukewa daga mota a bayan mutum ɗaya.

Buhun nan dai na siminti, idan aka rungume shi a ciki tazarar ta koma santimita 20, matsin da buhun ke jawowa ya ragu da rabi. Dalilin da ya sa ake nanata a matso da kaya jiki kafin a miƙe ke nan. A ware ƙafafu, a lanƙwasa gwiwa da ƙugu, a tashi a hankali ba da fizga ba. Idan za a juya, ƙafa ce ke juyawa, ba ƙugu ba, domin faifan ya fi saurin tsagewa idan aka haɗa sunkuyo da murɗawa, irin yadda mai loda bulo ke ɗauka daga ƙasa ya wurga gefe sau ɗaruruwa a yini. Tara buhuna a kan dandamali mai tsayin gwiwa maimakon ƙasa, ko amfani da baro, ya fi duk wani horon ɗagawa amfani. Ga masu ɗauka a ka, haɗarin yana wajen azawa da saukewa: gammo yana kare fatar kai amma ba ya kare wuya, kuma buhun da aka sako daga saman mota ya faɗo a ka, ko santsin da ya kwashi mutum kaya na kansa, yana iya karya ƙashin wuya. Kaya mai nauyi mutum biyu ke aza shi, mutum biyu ke sauke shi.

Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin 'yan makonni, kuma kwanciya dindindin ba ta taimaka masa, tafiya sannu-sannu ta fi. Amma ciwon da ke gangarowa ƙafa tare da raunin ƙafar, ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, wannan na asibiti ne a ranar, ba na mai ɗori ba. Haka gwaiwar da ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga ciwo ga amai: hanji ne ya maƙale, kuma awanni kaɗan ake da su.

Baya yana nakasa mutum a hankali. Zafi kuwa a yini ɗaya yake kisa, kuma shi ne aka fi rainawa. Daga ƙarfin da tsoka ke ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai ke zama aiki, ragowar zafi ne da dole jiki ya fitar domin ya tsaya a digiri 37. Idan iskar waje ta fi fata zafi, kamar yadda take a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano a watan Afrilu da ake haura digiri 40, hanya ɗaya ta rage, ita ce gumi. Shi ma ba fitowarsa ce ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce, kamar dai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa saboda tsattsafar da ke bushewa a bayanta. Gumin da ke ɗiga ƙasa asarar ruwa ce kawai. Wannan ne ya sa ranar damina mai laima, lokacin noman fari ko maimai, kan galabaitar da manomi fiye da yadda ma'aunin zafi ya nuna. Cire riga ma a tsakar rana ba dabara ba ce, riga fara mai yalwa ta auduga da malfa sun fi kare mutum.

Mai aikin ƙarfi a zafi yana zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa. Ƙishirwa kuma a makare take zuwa. Mutum mai kilo 70 da ya rasa kilo ɗaya da rabi na ruwa, ƙarfinsa da natsuwarsa sun riga sun ragu, kuma a nan ne ƙafa ke zamewa daga katako. Ƙa'idar ita ce kofi ɗaya kowane minti 15 zuwa 20, wato ledar fiya-wata ɗaya da rabi zuwa biyu a awa, ba a jira ƙishi ba. Mai aikin da ya ɗauki leburori goma na yini guda yana bukatar lita 60 zuwa 80, jarka uku ta lita 25 ke nan, a ajiye a inuwa kusa da inda ake aikin. Idan ruwan yana nesa ko kowa sai ya saya da kuɗinsa, ba za a sha ba. Kada kuma a zarce lita ɗaya da rabi a awa, domin ruwa zalla mai yawa yana tsarma gishirin jini, ya kawo ciwon kai, ruɗewa, har da farfaɗiya. Gishirin da gumi ya tafi da shi abinci ne ke mayarwa. Idan tsoka ta fara ɗaurewa, a haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a sha a hankali. Fitsari shi ne ma'auni mafi sauƙi: mai haske alama ce mai kyau, mai duhu kaɗan a ƙara ruwa, wanda kuwa ya wuni bai yi ba yana cikin haɗari ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Sabon zuwa ya fi kowa shiga haɗari. Jiki yana ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a zafi, ya koyi fara gumi da wuri, ya rage gishirin da ke fita a ciki. Saurayin da ya baro makaranta ya zo neman na kashewa, da ɗan ci-ranin da ya sauka jiya, da wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa, bai kamata a jera su da tsofaffin hannu a rana ta farko ba. Kashi ɗaya cikin biyar na aikin yini ake fara ba su, ana ƙarawa da kaɗan-kaɗan har kwana biyar ko fiye. Abin takaici, su ne suka fi son nuna bajinta don kada a ce sun gaza.

Galabaita tana farawa da jiri, ciwon kai, tashin zuciya da kasala. A wannan mataki inuwa, kwanciya da ɗaga ƙafafu, da ruwa kaɗan-kaɗan sun isa, amma ya gama aiki ke nan a ranar. Abin da ke raba wannan da bugun zafi mai kisa shi ne hankali. Mutum ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya zube, to zafin cikinsa ya haura digiri 40. Kada a ce ai yana gumi don haka ba shi ba ne, mai aikin ƙarfi yakan kamu jikinsa sharkaf. A nan sanyayawa ce gaba da komai, tun kafin a nemo mota. A cire masa kaya, a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya idan akwai babban mazubi ana riƙe da kansa, idan babu a yi ta kwara masa ruwa ana fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara ko ledojin ruwa masu sanyi a wuya da hammata da matsematsi. Rabin awar farko ita ce ta fi muhimmanci. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa, zai shaƙe. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin. A ci gaba da jiƙa shi a hanya har a isa asibiti.

Akwai illar da ba ta bayyana sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Tsokar da aka tilasta ta wuce iyakarta takan fashe, wani sinadari mai launin ja da ke cikinta ya kwarara jini ya je ya toshe ƙananan hanyoyin ƙoda. Alamarsa ciwon tsoka da ya fi na gajiyar da aka saba, kumburi, da fitsari kalar baƙin shayi. Da yawa sukan ɗauka shawara ce, su nemi jiƙo. Ƙarin ruwa ta jijiya da wuri shi ke ceto ƙodar, jinkiri kuma yakan kai ga wankin ƙoda. Masu jinin AS, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, waɗanda a Najeriya sun kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu, sun fi fuskantar wannan idan aiki mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, ko da yake a sauran rayuwarsu lafiya lau suke.

Nan ne maganar ƙwaya ke shigowa, kuma ita ce ta fi damun duk wanda ya san aikin nan. Magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda. Shan su da safe kafin a fita, ko da yamma jiki a bushe, ƙarin rauni ne ga ƙodar da ke fama. Tramadol kuwa ba ya ƙara wa tsoka komai. Abin da yake yi shi ne hana mutum jin ciwo da gajiyar da ya kamata su tsayar da shi, sai ya ci gaba da ɗagawa a kan tsokar da ta yage, ga jiri a saman gini, ga haɗarin farfaɗiya idan ya yi yawa, ga kamuwa da jarabarsa. Lemun ƙara kuzari ma ba madadin ruwa ba ne. Abin da ya faru da masu saran rake a Nikaragwa da El Salbado ya isa a yi tunani a kai: dubban maza masu jini a jika sun mutu da ciwon ƙoda ba tare da ciwon sukari ko hawan jini ba, kuma bincike ya fi karkata ga aiki mai nauyi a zafi da bushewar jiki da ake maimaitawa kullum. A gonakin da aka tsara ruwa da inuwa da hutu na dole, raunin ƙoda ya ragu.

Yawancin gyaran a hannun mai ba da aiki yake, domin lebura ba zai zauna ba muddin zaman yana rage masa kuɗi. Aiki mafi nauyi a fara shi bayan asuba, a dakata daga sha biyu zuwa la'asar a kwanakin bazara. Hutun minti 15 a kowace awa a inuwa ta gaske, a ƙara idan rana ta tsananta, kuma a sa shi cikin jingar tun wajen ciniki. Ranar dakin a ɗauki mutane fiye da bukata domin a riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu shebur da masu hawa. Idan azumi ya faɗo cikin zafi, a mayar da zubin dare ko sassafe, a kuma rage adadin da ake sa ran gamawa. A haɗa mutane bibbiyu kowa yana lura da ɗan'uwansa, saboda wanda zafi ya fara taɓa wa ƙwaƙwalwa ba ya sanin halin da yake ciki. Idan kuma an kai mutum asibiti, wanda ya raka shi ya faɗi irin aikin da ya yi, awa nawa ya yi a rana, yaushe ya yi fitsari na ƙarshe da kalarsa, da duk ƙwayar da ya sha ba tare da ɓoyewa ba, domin da wannan bayanin ne likita zai san ya duba ƙoda maimakon ya tsaya ga gwajin zazzaɓi kawai.