Fe₂O₃ da rigimar lambar Romawa

Lahadi, Agege.

Yau ban leƙa kasuwa ba. Bayan la'asar sai ga ɗiyar yayana, wadda za ta zana WAEC bana, ta shigo da littafi tana kumbure-kumbure, wai malamin kemistiri ya ci zalinta. An ba su Fe₂O₃ su faɗi sunansa, ta rubuta (II) a gaban sunan ƙarfen, ya ja mata jan biro.

"Baffa, ga 2 nan ƙuru-ƙuru a gindin Fe!"

Malam dai ya fi ta gaskiya. Wannan 2 adadin ƙwayoyin baƙin ƙarfen ne, lambar Romawa kuwa cajin da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi take nunawa, kuma sai an yi lissafi ake samo ta. Oksijin a nan −2 yake, guda uku sun ba da −6. Dole jimillar ta tashi sifili, don haka ƙarfen biyu su raba +6, kowa +3. Ke nan (III) ne. Na ja ta bakin get ɗinmu, na kankaro jar tsatsa da makulli na zuba mata a tafin hannu: ga Fe(III) ɗin nan, haɗe da oksijin da ɗan ruwa. Da danshin Legas, ƙarfen da ba fenti ba ya kai labari.

Ta ce to me ya sa gishirin miya, NaCl, ba a liƙa masa lamba? Tambayar ta burge ni. Sodiyam, wato Na ɗin da ke cikin gishirin, da fotasiyam kullum +1 suke, kalsiyam da magniziyam +2, alminiyam +3. Wanda ba ya sauya hali ba ya bukatar a yi masa alama. Su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe ne masu fuska biyu: Fe ya zo a +2 ko +3, Cu a +1 ko +2. Tutiya da azurfa ma a tsakiyar jadawalin sinadarai suke zaune kamar Fe da Cu, amma +2 da +1 suka riƙe.

Inda muka daɗe shi ne ƙwayar ƙarin jinin da matata ke sha, FeSO₄. A kwalin salfet kawai aka rubuta, littafinsu kuwa tetra'oksosalfet(VI) yake cewa. Yarinya ta ga VI ta ɗauka cajin SO₄ ne. A'a, na sinadarin salfa (S) ne shi kaɗai, rukunin gaba ɗaya −2 yake, shi ya sa ƙarfen ya zama (II). Ni dai a ganina dogayen sunayen nan sun fi wahalar da yara fiye da lissafin, amma su ake tambaya a jarrabawa.

Ana kiran magariba aka ɗauke wuta. Na bar mata CuO da Cu₂O da FeCl₃. Ta ce gobe kafin in fita neman danfo za ta kawo, na ce in ta ci duka akwai tsire.