Na'urar nuna hanya da ƙa'idar gudu a titunan Birtaniya

Da na kama aikin kai kaya da mota tsakanin Bristol da Cardiff, abokan aiki suka ce wayata ta ishe ni, ga Google Maps ga Waze duk kyauta. Ni dai na fi son na'ura ta daban, domin waya ita ce ofishina: ana kira, saƙon masu kaya na shigowa, sai taswira ta ɓace daidai inda ake neman kwana. Ga kuma doka. A Birtaniya riƙe waya a hannu ana tuƙi tarar fam 200 ce da maki 6 a lasisi, maki 12 cikin shekara uku kuwa suna iya raba mutum da sitiyari.

Ban tsaya kan sunan kamfani ba wajen saye. Na nemi mai faffaɗar fuska, wadda ake sabunta taswirarta kyauta ta intanet ɗin gida, wadda kuma ke yin ƙara idan mutum ya wuce ƙa'idar gudu. Wannan ƙarar ce ta ja ni, don ni da na saba da kilomita, lissafin mil bai zauna mini a ka ba tukuna.

A kusurwar fuskarta lamba biyu ne kafaɗa da kafaɗa, kuma ba daga tushe ɗaya suke ba. Ta farko gudun da kake yi ne, na'urar ke lissafa shi daga saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 sama da mu. A miƙaƙƙen titi wannan lamba ta fi malejin mota daidai, domin doka ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya, shi ya sa masu ƙera motoci ke ɗan ƙara masa. Maleji na 70, na'ura na cewa 67, ba abin mamaki ba ne. Ta biyu, wadda ke cikin jan da'ira, ita ce ƙa'idar titin. Tauraro bai san komai a kanta ba. Wani ne ya rubuta ta a taswira, kuma tana nan yadda aka bar ta ranar sabuntawa ta ƙarshe.

Wales ce ta nuna mini wannan ƙarara. Ranar 17 ga Satumba 2023 gwamnatin yankin ta sauke gudu a yawancin titunan cikin gari daga mil 30 zuwa 20. A Ingila, in ka ga fitilun titi a jere babu wani allo, 30 ne. Kana haye gadar Severn da ke kai mutum Wales daga Ingila ka shiga gari, fitilun nan dai 20 suke nufi. A makonnin farko na'urata ta yi ta nuna 30 a lungunan Newport, ba ta ce uffan ba, alluna kuwa na cewa 20. Kyamara ba ta tambayar abin da na'urarka ta ce. Mafi ƙarancin hukunci fam 100 ne da maki 3, in ba a tura ka ajin horon direbobi ba.

Wani abin ma ba laifin tsufan taswira ba ne. Akwai farin allo mai baƙin layi a karkace, wanda ke nufin ƙa'idar ƙasa baki ɗaya, ita kuwa ta danganta da irin motar. Ƙaramar mota 60 ne a titin da ba a raba tsakiyarsa ba, 70 a tagwayen hanya. Motar kaya irin tawa 50 ne da 60, sai a babbar hanya irin M4 muke haɗuwa a 70. Na'urar da aka yi don ƙananan motoci 60 za ta nuna maka cikin natsuwa, kai kuwa ka riga ka zarce da mil goma. Akwai na'urori masu barin ka shigar da nauyi da tsayin motarka, sun fi tsada, amma ga mai aiki irin namu kuɗin bai tafi a banza ba.

Sai ƙa'idar da ke canzawa cikin yini. Kusa da mahaɗar M4 da M5 allunan lantarki na saman hanya kan sauke gudu zuwa 60, 50 ko 40 idan cunkoso ya yi yawa, inda ake gyaran titi kuma kyamarori kan auna matsakaicin gudunka daga wannan sanda zuwa waccan. A irin wuraren nan ba na ko kallon jan da'irar na'ura. Lambar gudun nawa kaɗai nake dubawa, in daidaita ta da abin da allo ya ce.

Wani ƙanena da ya shigo aikin kwanan nan ya ce, "Yaya, to mene ne amfanin ƙarar?" Na ce ya bar ta a kunne, tana farkar da mutum idan ƙafa ta yi nauyi a doguwar tafiya, amma shirunta ba izini ba ne. Motar da aka ba shi sabuwa ce, mai kyamarar da ke karanta alluna da kanta, irin tsarin da Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci tun Yulin 2024. Ita ma ya ce wani lokaci allon titin gefe take karantowa, ta hau yi masa ƙara yana kan babbar hanya.