Inda aka kwana a aikin Datsun: mun rage wa furofela tsawo

'Yan'uwa masu koyon kanikanci a ranakun hutu irina, barkanmu da ƙoƙari. Wancan karon na tsaya ne a inda muka ɗaura aksil ɗin baya na Hilux a ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurata, Datsun 720 ta farkon shekarun 1980. A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na samo shi, haɗe da gutsuren furofelarsa, wato bututun ƙarfen nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil. Na zaɓi na Hilux mai jan ƙafa huɗu saboda notin tayarsa shida ne kamar na Datsun, don haka ban canza wili ba. Da muka gama ɗaure safirin na ɗauka an yi mai wuyar, ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Asabar ta farko. Na kwanta a ƙarƙashi, na zura kan furofela cikin wutsiyar giyabos har ya daki ƙarshe, na ɗago ɗaya kan zan haɗa da aksil, ya ƙi shiga. Hancin sabon aksil ya fi na tsohon miƙowa gaba, ga shi ramukan noti huɗun da ke fuskarsa ba su hau kan na Datsun ba. Wani yaron gareji ya ce a sa ƙarfe a ɗan tura aksil baya a cusa ta. Kada wanda ya yarda da wannan shawara. Kan da ke shiga giyabos an yi shi ne ya riƙa zamewa ciki da waje a kan haƙoransa, domin duk lokacin da mota ta faɗa rami ko aka lafta mata kaya, tazarar da ke tsakanin giyabos da aksil canzawa take yi. In ba wurin zamewa, furofela za ta riƙa tokarin giyabos kamar taɓarya, ta ci boris, wani lokaci ta fasa wutsiyar baki ɗaya. In kuma aka rage ta fiye da kima, haƙoran da suka kama kaɗan ne, kan ya riƙa lilo yana cin sil, wato robar da ke tare mai, har man giya ya fara ɗiga. Mafi muni shi ne ya zare ana cikin gudu, ya caki kwalta.

Awo na farko da na yi ɓata lokaci ne, saboda motar tana kan jak, aksil na reto. Ogan gareji ya zo ya tsaya a kaina, bai ce komai ba sai "Sauke ta, Malam." Muka sauke ta kan tayoyinta a daɓen siminti, muka jijjiga bodi ya zauna daidai, na sake sa tef. Bambancin ya kai santimita ɗaya da rabi. Ga yadda ya nuna mini: a tura kan har ƙarshe, a jawo shi waje kamar inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, a bar shi a nan. Daga nan a auna daga tsakiyar kuros na gaba zuwa tsakiyar inda kuros na baya zai zauna; kuros shi ne gaɓar nan mai siffar gicciye da ke kowane kan furofela, mai barin ta ta yi juyi a karkace. Sau uku na auna, na rubuta da alli a jikin ƙofar baya. Abin da za a cire ya kama santimita uku da rabi.

Sai na yi gaggawa, kuma sauri ya haifi nawa. Akwai wata tsohuwar furofela a cikin tarkacen gareji, na ce bari in gwada da ita. Na kai wa wani mai walda na bakin titi, ya datse ta a tsakiya da injin yanka, ya cire abin da na ce, ya haɗa da ido, ya ƙona. Ƙunar ta yi kyau a gani, ba zan ci haƙƙinsa ba. Muka ɓula sababbin ramuka muka ɗaura. Daga kilomita 60 a awa madubin ciki ya fara rawa har ban iya gane motar da ke bayana, kujera na kaɗawa kamar ina zaune kan injin markaɗe. Allah ya so ni ba ta ainihin na yanka ba.

Asabar ta biyu Oga ya tura ni wajen wani dattijo mai injin tana, wanda ke juya ƙarfe yana fere shi. Ya ɗora gwajin nawa a kan tebur ya mirgina shi, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?" Na ce, "Baba, ni na sa aka yi." Laifi biyu ya nuna mini. Na ɗaya, ba a yanka a tsakiya, domin nan ne bututun ya fi saurin lanƙwasa in yana juyi, kuma ba yadda za a yi gaɓa biyu da aka haɗa baki da baki su tsaya a saiti. Na biyu, kunnuwan da ke riƙe kuros na gaba da na baya sun saɓa wa juna da kamar faɗin yatsa.

Wannan na biyun shi ne na fi so ku riƙe, don ni ma sai ranar na gane shi. Kuros in yana aiki a karkace ba ya juyi da gudu ɗaya: a kowane zagaye yakan yi sauri sau biyu, ya lafa sau biyu. Na bayan ne ke warware abin da na gaban ya ƙulla, amma sai in kunnuwansu suna kan layi ɗaya. Da sun saɓa, maimakon su kashe rawar juna sai su ƙara ta. Kuma furofela ba juyin wasa take ba. A aksil irin nawa tana zagayawa sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta zagaya sau ɗaya, don haka a kilomita 100 a awa ta haura zagaye 3,000 a minti.

Kafin ya taɓa tawa ta ainihi, Baba ya ɗora ƙarfen awo ya karce layi miƙaƙƙe daga wannan kai zuwa wancan. Ya ɗaure ta a injin, ya fere tsohuwar waldar da ke gindin kan baya a hankali, ƙarfe na fita siriri kamar ɓawon lemo, har sai da wani layi baƙi ya bayyana inda bututu ya haɗu da kai. Guduma biyu, kan ya fito. A cikin bututun akwai kwali a naɗe, na ɗauka wani ne ya manta shara. Ya ce daga masana'anta yake, don rage ƙara ake sa shi, ya datse bakinsa kaɗan don kada wuta ta kama shi. Ya yanke bututun a injin, bakin ya fita sumul. Kan Hilux ɗin da na zo da shi ya fi ramin bututun kauri, sai ya rage wuyansa har ya zama ba ya shiga sai da matsi.

Daga nan ne aikin ya ja lokaci. Ya saita kunnuwa da layin nan, ya kafa agogon awo a jikin bututu, yana juyawa da hannu yana kallon allura, yana ɗan ƙwanƙwasa gefen da ya tashi. Bai yarda ba sai da kaucewar ta dawo ƙasa da rubu'in milimita. Ya ɗiga walda wuri huɗu, kowace tana fuskantar 'yar'uwarta, ya sake aunawa, sannan ya zagaye ta da ƙuna ɗaya yaronsa na juya masa. Na miƙa hannu zan ɗauko bokitin ruwa, ya daka mini tsawa: a bar ta ta huce da kanta. Yankan bai ɗauki minti goma ba, saitin ya cinye mana tun daga azahar har la'asar.

Lahadi na ɗaura, da sababbin kuros biyu da giris. Na sa manhajar auna karkata ta waya a kan giyabos, da furofela, da fuskar aksil. Ana son kowane kuros ya karkata tsakanin digiri 1 zuwa 3, kuma biyun su yi kusan daidai. Na baya ya zarce, saboda da muka sauya wa mazaunin safirin wuri hancin aksil ya ɗan duƙa. Siririn ƙarfe mai kaifin gatari a ƙarƙashin safirin kowane gefe ya gyara shi.

Na fita titin Zariya bayan sallar asuba, hanya ba kowa. Har 80 shiru. Wajen 90 akwai 'yar tsuma a ƙasan ƙafa, don ba mu da injin daidaita nauyi, kuma ɗan ƙarfen balas na asali, mai daidaita nauyin furofela, ya tafi tare da guntun da aka yanke. Na yi dabarar da Oga ya koya mini: kilif biyu na tiyo a kusa da kan baya, a raba zagayen gida huɗu da alli, a riƙa matsar da kawunansu ana gwadawa. A gida na uku ta lafa.

Saura waya ta birkin hannu, wadda ba ta kai ba, da agogon gudu da yanzu yake ƙara mini kilomitar da ban yi ba. Su ne aikin Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.