Abin da Tulu da Rumbu Suka Koya Mini a Samaru

Na shiga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ina ganin hannuna ya riga ya iya, takardar shaida kawai na zo karɓa. Tun ina firamare ni ne mai zana taswira a allon aji, ni kuma masu shaguna ke kira in rubuta musu suna a bango. Mahaifina bai hana ni ba, amma ranar da aka ba ni gurbi ya tambaye ni har sau biyu ko wannan karatun yana ciyar da mutum, kuma na san amsata ba ta gamsar da shi ba, domin ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

A makon farko malaminmu ya ajiye wani tsohon tulu kusa da taga, ya raba mana gawayi da takarda, ya ce mu zana. Kafin sauran su yi nisa na gama nawa, na koma ina leƙa na maƙwabta ina jin tausayinsu. Da ya iso wurina sai ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Tulun da ke cikin kanka ka zana, ba wanda ke gabanka ba." Raina ya ɓaci, amma da na sake ɗaga ido sai na ga gaskiyarsa. Tulun ya ɗan karkata hagu, bakinsa ya ɓantare a gefe guda, kuma inuwar da na cike da baƙi ƙirin ashe akwai wani haske mai rauni a cikinta, wanda farin bangon ɗakin ke mayarwa a jikin yumɓun. Duk wannan yana gabana, ban gan shi ba, saboda tun ina yaro na san yadda tulu yake, kuma wannan sanin ne ya rufe mini ido. Makonni muka yi a kan tulun nan, kullum rana na sauya masa kama, har na fahimci cewa yawancin aikin mai zane kallo ne, hannu kuwa biye yake.

A darasin tarihi ne abin ya ƙara zurfi. A nan muka ji cewa a 1958, lokacin da wurin yake kwaleji, kafin ya zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai sun kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Hujjarsu ita ce, ba laifi a koyi dabarun da malamai Turawa suka zo da su daga Ingila, amma dole mai zane ya ɗebo daga rijiyar gidansu, shi ya sa Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo. Abin da ya sosa mini rai shi ne, waɗannan mutane duka 'yan asalin kudu ne, ni kuwa da aka haifa a gidan ƙasa mai zanko da makuba ban taɓa tsayawa na dubi bangon zaurenmu a matsayin aikin gwani ba. Sai da aka tura mu cikin birni muka shiga tsohon masallacin Juma'a na Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, na tsaya ƙarƙashin bakan gizon da aka ɗaga da ƙasa da azara, na ga yadda adon ke bin ƙirar ginin, babu surar mutum ko dabba, amma ido ba ya rasa abin bi. Dama ina ta fama da tambayar da kowane ɗalibi Musulmi a wannan fanni kan yi game da zana mai rai. Hukuncinta na malamai ne, ba nawa ba, amma ranar na gane cewa filin ya fi yadda nake zato faɗi. Ko Ladi Kwali da ke jikin takardar naira 20, wadda wannan jami'a ta ba digirin girmamawa a 1977, a wurin mata magina tukwane ta fara koyo, ba a aji ba.

Darasin da ya fi zama a raina, daga wajen 'yan wasan kwaikwayo na same shi. Suna da wurinsu a Samaru, dandalin da aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, kuma tun wancan zamani suna da al'adar fita ƙauyuka su zauna da manoma, su ji damuwarsu, sannan a shirya wasa tare da su. Wata shekara suka nemi mai zana musu labulen baya, na bi su wani ƙauye inda za a yi wasa a kan asarar hatsi bayan girbi. Kwana uku na yi ina zana gida da rumbu a kan babban ƙyalle, kuma ba zan ɓoye ba, aikin ya burge ni.

Da yamma aka rataya shi a gindin wata bishiyar kuka, jama'a suka taru. Tun ba a fara ba wani dattijo ya matso, ya nuna da sandarsa ya ce: "Yaro, wa ya gina maka wannan rumbun?" Na ce ni na zana, Baba. Ya ce: "To, kafin damina ta raba tsakiya gara da danshi sun gama da dawarka, don ka zaunar da shi a ƙasa, babu duwatsun da ke ɗauke da shi." Aka kwashe da dariya. Na waiwaya, sai ga rumbunan ƙauyen a jere bayan danga, kowanne a ɗage bisa duwatsu, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Kwana uku ina wucewa ta gabansu safe da yamma. Shekara ta uku nake a jami'a a lokacin, amma kuskuren tulu na makon farko ne na sake yi, sai dai wannan karon a gaban mutanen da rumbu ne abincin shekararsu.

Masu shirya wasan ba su sauke labulen ba. Suka mai da rumbun nawa abin tattaunawa, manoma suka yi ta bayani a kan yadda ake ajiyar hatsi har magariba ta yi, abin da ya fi wasan da aka tsara armashi. Washegari da sassafe na ɗauki fenti da burushi na zauna gaban rumbun dattijon, shi kuma ya jawo tabarma kusa da ni, yana ƙirga mini duwatsun ɗaya bayan ɗaya.